Sahura Ta Je A Kashe Mata Na'ura

Tun da aka liƙa wa matasa 'yar na'ura a bayan kunne, mai gyara mummunan tunani kafin ya zauna, Sahura ta rabu da fargaba. Ranar sadakar ukun mahaifiyarta ta nufi asibiti.

"Anti, a kashe min ita, ko wuni ɗaya ne," ta ce wa nas. "Masu gaisuwa sai kallona suke, ko ɗigon hawaye babu."

"Sai likita ya sa hannu, ƙanwata. Sai nan da sati biyu."

Da ta dawo, a tsakar gida gwaggonta ta rungume ta tana kuka. "Ya haƙuri?"

Ba ni da uwa, Sahura ta fara ayyanawa. Bayan kunnenta ya yi ɗumi.

"Lafiya lau, Gwaggo," ta ce da murmushi, ta tsallake takalman marigayiya Innarta ta shige kicin.