Layin da Na Ja a Yashi

Muna isa bakin teku na cire takalmi, na ja dogon layi a yashi da diddigena.

"Duk wanda ya tsallake wannan, mun koma Takoma Park," na ce wa yarana biyu.

Tun asuba muke cikin jirgin ƙasa daga Washington, su suna leƙen taga, ni ina karanta labaran waɗanda ruwa ya ci. A garinmu rijiya ce ruwa mafi zurfi, ita ma da murfinta. Ban iya iyo ba. Uwarsu tana aiki a asibiti, ta ce in dawo mata da su yadda na ɗauke su.

Suka zauna bayan layi suna gina gida da yashi, 'ya'yan mutane na ta ihu cikin ruwa.

Da la'asar ta yi na matsa sama inda babu jama'a, na haɗa sallolina, na yi doguwar addu'a Allah ya raba su da ruwa.

Da na dawo suna tsaye daidai inda na bar su, ruwa har idon sawu, suna danne dariya. Babu wanda ya taɓa gaya min ruwan teku yana matsowa gaba da kansa.

"Baba, ba mu tsallake ba," in ji babbar da Turanci. "Ruwan ne ya zo."

Na nemi layin, ban gan shi ba. Sai na naɗe ƙafar wandona.