Rabon Hasken Barau

Tun da aka kafa dokar rabon haske a ofis, kowa ya san ƙa'ida: in ka rage hasken kwamfutarka, abin da ka rage kan na kusa da kai yake komawa.

Ranar Laraba da hantsi, allon kwamfutar Ladidi ya yi fari fat kamar wutar walda. Idanunta da suka kwana jawur suka fara zubar da ruwa. Ta waiga. Barau, maƙwabcin teburinta na shekara tara, ya rage nasa.

"Malam Barau, ni za ka makantar?"

"Yi haƙuri, Hajiya. Likita ya ce idona na hagu ya kusa tafiya. Ki ba ni minti goma kacal."

Ta suri butar shayi ta ƙarfe ta maka masa a goshi, ta ƙara. Jini ya wanke teburin, Barau ya zube ƙasa. Masu gadi suka ja shi waje, suka kashe kwamfutarsa.

Ladidi ta zauna tana haki. Sai ga rabon Barau gaba ɗaya ya sauko a kan allonta.