Shafi na Arba'in da Bakwai

"Goggo, na ce miki ban gan shi ba!"

"To tashi ya yi sama? Da hannuna na sa wa takardun nan lamba da fensir. Ga arba'in da shida, ga arba'in da takwas."

Auta ta murguɗa baki. Tun ɗazu take tsaye a gefen na'urar ɗaukar hoton takardu, ta ƙi zama, ta ƙi cire takalmi kamar yadda ta saba.

Sati uku ke nan Goggo ta ɗauko ta aikin hutu a ɗakin ajiyar tarihi. Aikin ba wuya: a buɗe kwali, a kwantar da takarda, a danna, hoto ya hau kwamfuta. Ranar Litinin za a ɗora komai a intanet, duk mai son nazarin yadda tsohon bankin garin ya durƙushe shekara sittin baya ya karanta. Doka ɗaya ce, wanda ya ɓatar da shafi ya kama hanyar gida.

Matsalar Auta ita ce ba ta iya danna takarda ba ta karanta ba. Bara ma sai ta bi layi da yatsa, bana kuwa ko takardar ƙunshin sabulu ba ta tsira ba. A kwalayen nan ta gano bankin lafiyarsa ƙalau, har ranar da wani ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙwala ihu wai kuɗi sun ƙare. Kafin la'asar gari ya yi ca a kansa. Bayan kwana uku aka garƙame shi.

Labarin ba baƙo ba ne a gidansu. Kaka ba ta gajiya da shi. Sai ta ɗaga girarta ta hagu, wadda tsohon tabo ya raba biyu, ta ce, "Ɗan banzan da ya yi ihun nan, Allah ya tona masa asiri." Amma tunda aka fara aikin nan ta daina addu'ar. Kullum sai dai, "Ke, yau me kuka ɗauka?"

"Duba ƙarƙashin tebur," in ji Goggo.

"Na duba."

"Juyo jakarki."

Auta ta zazzage ta a kan tebur: biro, alawa biyu, madubi.

"Kin gani? Ni za ki mayar ɓarauniya a gaban kwalaye?"

"In bai fito ba, kar in gan ki gobe."

"Dama ƙura ta ishe ni!"

Ta suri jakar ta nufi ƙofa, tana taka ƙafar dama a hankali. Kuɗin wayar da take tarawa ya tafi ke nan. Ba komai, ta san wadda za ta saya mata wayar yanzu a gida, kuma wanke-wanke ta yi ban kwana da shi har abada.

Ta buga ƙofar har kwalaye suka girgiza. A cikin takalminta shafi na arba'in da bakwai na ninke huɗu, da bayanin 'yar shekara tara da ta yi ihun, ta ce wa masu bincike wasa take yi, da hotonta, girar hagu a rabe biyu.