Ƙofar da Ba Ta da Ramin Makulli

Ke da kike cewa lokacin koyo ya wuce ki, zauna ki ji wannan.

Akwai wata mata mai ɗinki da ta fara ganin mijinta a tashar mota, tun tana budurwa. Tana tsaye da takardar da aka rubuta mata kwatancen gidan gwaggonta, sai wani dogon saurayi ya lura a kife ta riƙe ta. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi ai rubutun ne ya yi ƙanana, ya karɓa ya karanta mata ƙasa-ƙasa yadda na kusa ba za su ji ba. Wannan rufin asirin ta aura. Shekara talatin da ɗaya shi ne idonta a kan duk abin da ke da rubutu, ita kuwa ta ƙware a uzuri: yau ta manta tabarau, gobe hannunta da maiƙo. Ko 'ya'yan cikinta sai da suka girma suka gane.

Sai yanar ido ta rufe masa gani. 'Yarsu ta kama musu ɗaki a wani otal kusa da asibitin ido a birni, irin wanda ba a ba mutum makulli a hannu. A wayarka ake sa shi, ka buɗe, ka danna, ka kara ta a jikin ƙofa. Ranar farko shi ya buɗe musu da wayarta, ya kai ta kusa da hancinsa yana laluben haruffa da ɗan ganin da ya rage masa. Washegari aka shiga da shi tiyata. Tana zaman jira ta hango mai lalle a bakin asibiti, ta je aka yi mata har kan yatsu, don tana so ranar da za a kwance masa bandeji ya fara da ganin abu mai kyau.

Da la'asar ta riƙo shi har ƙofar ɗakin, ido ɗaya a naɗe, ɗayan kuwa dama dishi-dishi yake gani. Likita ya ce da sun isa ya kwanta, kada ya sunkuya. Ta ɗora babban yatsa a kan wayar, wayar ta ƙi shaida ta, lalle ya rufe zanen yatsan. Ya faɗa mata lambobin sirri ta shigar, don lamba kam ta san ta a jikin tef ɗin awo. Daga nan rubutu ya cika mata ido. Ta danna nan, hoton jikarta ya fito. Ta danna can, waya ta hau ƙara. Ta goga ta a ƙofa kamar mai ƙyasta ashana, ƙofa ko gezau. Shi kuma jiri na ɗibarsa, ya jingina da bango, yana ƙoƙarin kwatanta mata abin da ba ya gani.

Ana haka sai ga matar da ke gyaran ɗakuna, sa'arta ce, ta turo keken zannuwan gado. Ta dube su, ta zaro katin aikinta ta ce, “Yaya, matsa in buɗe muku. Lallen nan ne ko? Ya yi kyau kuwa.” Ga uzuri an miƙo mata har hannu, kuma rabinsa gaskiya ne. Amma ta tuna kwana biyar za su yi, kullum sai sun fita wankin ido sun dawo, kuma likita bai yi alkawarin ganin zai dawo duka ba. Ta ce a buɗe tukuna, ta shigar da mijinta ta kwantar da shi, ta gyara masa matashi. Sannan ta fito, ta ja ƙofar da hannunta har ta ji ta kulle.

“'Yar'uwa, ba lalle ba ne kaɗai,” ta ce. “Ban iya karatu ba. Nuna mini.”

Matar ta ajiye kekenta. Ta nuna mata alamar otal ɗin, ta nuna mata kalmar da ake dannawa, ta ce ta lura harafin farko kamar almakashi yake a buɗe. Karo na farko mai ɗinkin ta ɗaga wayar da wuri. Na biyu ta kara ta a inda ba nan ba. Sai a na huɗu ɗan haske kore ya kama, ƙofa ta yi ƙas ta saki. Ta sake kullewa ta sake buɗewa, ita kaɗai, sau biyu.

Daga kan gado ya ce, “Wa ya buɗe?”

“Ni ce, Malam.” Ta zauna a gefensa. “Kuma ka shaida: da mun koma gida zan shiga ajin manya. Takardar maganinka ba mai karanta maka ita sai ni.”

To kin ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.