Tsarabar Tsibirin Baƙin Dutse

Ranar Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Shehu ya tsayar da mota a ƙofar gidan yayansa Nuhu a Malali, bai kashe ta ba. Tun daga filin jirgi bai yi wa Na'ima, matar yayan nasa, wata doguwar magana ba. Sai yanzu ya juyo ya ce kada ta faɗa wa Hajiya, mahaifiyarsu, komai tukuna. Jiya aka sallamo ta daga asibiti, likita kuma ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki tashin hankali ba.

"Ba zan faɗa ba," in ji Na'ima. "Amma ba zan yi mata ƙarya ba."

Ya sauke akwati biyu, ya wuce gidansu na Unguwar Sarki, inda ya ce mutane suna jiransa.

Hajiya Hansai ce ma ta haɗa tafiyar. Tana zaune da su Na'ima tun da ciwon suga ya cinye mata idanu, amma kunnenta bai ɓoye mata komai ba. Ta ji yadda hira ta ƙare tsakanin ɗanta Nuhu da matarsa, daga ofis kowa sai ɗakinsa. Da Nuhu ya samu hutu, ta ce su je wani wuri su biyu, su dawo mata da fara'arsu. Shi ya zaɓi Komoros, inda akwai tsibiri mai dutsen da ke aman wuta, ga masallatai ko'ina. Yanzu ga Na'ima ta dawo ita kaɗai.

Ta same ta jingine da filo a kan darduma. Hajiya ba ta san wa ya shigo ba sai da ta ji sallama, ita da kullum tun daga falo take gane surukarta da ƙamshi. Bayan gaisuwa ta fara mita: Shehu ya tafi da wayarta gyara, rediyon ma sun ce batir ya ƙare, an bar ta kamar kayan ajiya.

"Ina mutumin naki?" Nuhu ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

"Yana can, Mama."

"Sai yaushe?"

"Bai ce ba."

Hajiya ta ce to a ba ta labarin abin da aka gano.

Na'ima ta ba ta, daki-daki, yadda take karanta rahoto a ofis. Ƙasar garin baƙa ce ƙirin. Wutar da dutsen ya taɓa amayarwa ta gangaro har bakin teku ta daskare, mutane suka sassaƙa ta suka yi katanga. Ana cin ayaba da kifi da romon kwakwa. Matan garin suna shafa wani farin abu a fuska saboda rana. Ran da suka hau dutsen, bayan Asuba suka tashi da mai yi musu jagora, hanyar kuwa tsayi gare ta. A wani wuri mai santsi Nuhu ya riƙe hannunta, bai saki ba har bayan sun wuce wurin.

"Madalla," in ji Hajiya. "Kun kai har sama?"

Na'ima ta ce ita ta kusa. Shi ya gaji, ya zauna a kan wani dutse, ya ce ta ci gaba ta ɗauko musu hoto. Daga inda ta tsaya ana jin wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasa kuma da ɗumi a tafin hannu. Ba ta ɗauki hoton ba.

Ta jawo akwati ta buɗe, sai ta ga nasa ne. Agogonsa na sama, a kan hularsa. Ta rufe, ta buɗe ɗayan.

Ta sa wa Hajiya ƙullin kanumfari a cinya, da wani baƙin dutse mara nauyi mai ƙananan huji. Hajiya ta jujjuya shi, ta ce wannan ai na goge kaushi ne, su kuma har jirgi suka hau don shi. Sai kwalbar turaren fure, wanda shi da kansa ya zaɓa mata.

Hajiya ta shinshina bakin kwalbar. Ta ce turare ba a gane shi sai a jiki, Na'ima ta shafa ta ji.

Na'ima ta ɗiga a bakin mayafin Hajiya.

"A jikinki na ce."

"Na Mama ne."

Hajiya ta ajiye kwalbar. Ta lalubo hannun Na'ima, ta bi wuyan hannun da yatsu, ba awarwaro, ba zobe. Ta hau zuwa kafaɗa, ta murza yadin hijabin, mai kauri ne, ba irin wanda Na'ima ke sawa ba. Ta zura hannu ciki ta taɓa kunne ɗaya, ta taɓa ɗayan. Huji ne kawai. Ita ma haka ta cire nata, shekarar da mahaifin su Shehu ya rasu.

Aka kira sallar Magariba a masallacin layin. Na'ima tana kallon kwalin maganin da ke gefen filo, tana jin yatsun nan a kunnenta. 

"Wa ya yi wa Nuhu wanka?"

"Limamin ƙauyen ne, Mama, da mai jagoranmu. A gindin dutsen aka binne shi, ranar Juma'a bayan La'asar."