Dogo Bai Iya Ruwa Ba

Tun a ƙofar shiga Dogo ya ja hula ya rufe rabin fuska, wai rana. Matarsa ta yi dariya, don ta san kayanta: ƙato har ƙato, amma ko kwata ce ta cika sai ya zagaya. Kaza take ce masa in tsokana ta motsa.

Ita ma ba da son ranta ta zo ba. 'Yarsu Auta ce ta ishe su da naci, wai duk 'yan ajinsu sun zo wanka wurin shaƙatawar nan na bakin kogi, ita kaɗai aka bari. Uwar kuwa rabonta da wurin tun ranar da ruwan ya ci mijinta na fari, suna cikin amarci. Su uku suka zo ranar: ita, da marigayin, da amininsa Dogo. Tana can tana sayen lemo ta ji ihu. Ta tarar ruwa ya shanye mijin a bayan wani baƙin dutse, Dogo na gaɓa yana kururuwa, ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba. To me zai yi? Bai iya ruwa ba.

Ita mai takaba ita ta koma tana ba shi haƙuri. Ya tsaya mata tsayin daka, daga baya ya aure ta, suka haifi Auta. Kogin ta tsana. Maciyin amana take kiransa, sama luf-luf, ƙasa mugunta.

Dogo ya wuce da su ta hanyar masu tattaki, can nesa da rumfar tsohon da ke gadin masu wanka, ya shimfiɗa tabarma.

"Auta, kar ki matsa kusa da dutsen can. Rami ne a bayansa, ruwan juyawa yake."

Matar ta jinjina kai. Matsoraci dai ya fi kowa sanin inda haɗari yake.

Auta ta shiga ruwa da robar iyonta, uwar ta sunkuya tana buɗe kwandon abinci. Ko da ta ɗago, robar da Auta ke iyo da ita ce kaɗai ke juyi a bayan dutsen. 

Dogo ya wuce ta kamar iska. Ya tsunduma tsul, ya ɓace. Can sai ga shi ya ɓullo, yana iyo da baya, ya tallafe haɓar yarinyar, yana yanka ruwan a karkace har gaɓa.

Uwar ta zube tana kuka tana godiya. Ikon Allah! Dubi abin da son ɗa ya sa kaza ta yi.

Tsohon mai gadi ya iso yana haki, usur na lilo a wuyansa. Ya kwantar da Auta, ya yi ta fama har ta amayar da ruwa, ta fashe da kuka. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Dogo, wanda hularsa ta bi kogi. Fuskar tsohon ta washe.

"A'a! Kifi? Kai ne? Shekara da shekaru!"

Dogo ya sunkuyar da kai. Tsoho ya juya wurin matar, yana murna.

"Share hawayenki, 'yata. In dai wannan na gaɓa, ruwa bai isa ya ci kowa ba. Ni na koya masa iyo, kuma tun bai yi gemu ba yake tsamo mini mutane daga bayan dutsen nan."