Tafiretar Alhaji Kimba

"Ba ni rubutawa, Alhaji," in ji Ruƙayyatu, mai buga masa tafireta, ta ture takardar gefe.

Alhaji Kimba, babban ɗan kasuwar Illo, so yake ta rubuta masa wane maɓalli ke fitar da wane harafi. Tafiretarsa daga Dahome ta ƙetaro, kuma wani mai gyara ya taɓa mayar da haruffanta a hargitse. Ka danna A, sai M ta fito. Shekara uku Ruƙayyatu tana fama da ita har yatsunta suka haddace ta. Duk Illo ita kaɗai ta iya.

"Ɗiyata, don ranar da ba ki da lafiya ne."

"Don ɗan ƙanenka Lukmanu ne. In kujerata yake so, ya sha wuyar da na sha."

Alhaji bai ja ba. Makon bikin 'yancin kai ya dawo daga Sakkwato da sabuwar tafireta. Lukmanu ya hau kujera, ita aka sallame ta.

Ko a jikinta. Ana ɗaukar masu buga tafireta a Birnin Kebbi, ta tafi jarrabawa. Idonta na kan abin da take kwafa, ta riga kowa gamawa.

Mai jarrabawar ya daɗe yana duban takardarta. "Malama, wannan wane yare ne?"

Babu wanda ya ƙwace sirrinta. Sai dai tafireta ɗaya yatsunta suka sani a duniya, tsohuwar da ke can shagon Alhaji ana tokare ƙofa da ita. Aiki biyu ta rasa a wata guda.